Me Ke Ƙona Fatar Jariri a Cikin Nafkin?

Cikin larurorin fata da ke samun jarirai, da wuya a sami wadda ta kai ƙurajen nafkin yawa. Kusan duk gidan da ake goyo an san su. A kwance wa yaro nafkin da safe a tarar mazaunansa da saman cinyoyinsa sun yi ja, wani lokaci ma fatar ta saɓe kamar wadda ruwan zafi ya zuba wa, da an taɓa wurin kuwa sai ya tsandara kuka. Ga yara masu duhun fata jan ba ya fitowa sosai, sai dai wurin ya ƙara duhu ya yi sheƙi, bayan ya warke kuma ya bar fari-farin tabo wanda kan ɓace a hankali. Binciken da likitoci suka yi a ƙasashe daban-daban ya nuna cewa tsakanin kashi 7 zuwa kashi 35 cikin 100 na yara masu sa nafkin suna ɗauke da wannan larura a kowane lokaci, kuma ta fi yawa tsakanin wata 9 zuwa wata 12 da haihuwa.

Idan aka tambayi dalili, amsoshin da za a ji suna da yawa. Wata ta ce haƙori ne, wata ta ce fitsarin yaron ne ke da zafi, wata kuma ta ce ɗankanoma ne a nemo sassaƙe. Akwai ma masu ɗora laifin a kan uwa, su ce ƙazanta ce. Su kansu likitoci sun shafe shekaru kusan 70 kafin su warware wannan al'amari. Abin da suka gano a ƙarshe shi ne, ƙurajen nafkin sakamako ne na wani aikin sinadarai da ke buƙatar danshi, da haɗuwar fitsari da bahaya, da kuma lokaci. Wanda ya fahimci wannan aiki ya san rigakafin, ya kuma san irin magungunan da bai kamata su kusanci fatar jariri ba. Ilimi ne da ya shafi ɗalibai kai tsaye, domin da yawa daga cikinsu su ne ke renon ƙannensu in sun taso daga makaranta. A wannan bayani, kalmar nafkin ta ƙunshi na tsumma da ake wankewa da kuma na zamani da ake yarwa, wanda aka fi sani da famfas.

Katangar da ke Kare Jiki

Saman fatar ɗan Adam lulluɓe yake da wani siririn ɓawo wanda bai kai kaurin takarda ba. An gina shi da matattun ƙwayoyin halitta, jere bisa jere, kamar hawa 15 zuwa 20, tsakaninsu kuma akwai maiƙo da ya liƙe su. Masana kan kwatanta shi da katanga: ƙwayoyin su ne tubala, maiƙon shi ne kwaɓin da ya riƙe su. Wannan katanga ce ke hana ruwan jiki tsiyayewa waje, ita ce kuma ke hana ƙwayoyin cuta da sinadarai shiga ciki. A jikin jariri ginin bai gama ƙwari ba, domin ɓawon ya fi na babba siranta da kimanin kashi 30 cikin 100.

Bayan katanga, fata tana da wata garkuwa ta biyu, wato tsami. Masana kimiyya suna auna tsami da ma'aunin da ake kira pH, wanda ya tashi daga 0 zuwa 14. Tsantsar ruwa yana kan 7. Abin da ya gaza 7 mai tsami ne, wato asid, kamar lemon tsami da ke wajen 2. Abin da ya haura 7 kuwa yana da ɗabi'ar kanwa, kamar sabulun wanki da ke tsakanin 9 da 10. Kowane mataki guda a wannan ma'auni yana nufin ninki goma, saboda haka bambancin 5 da 7 ninki ɗari ne. Lafiyayyar fata tana tsakanin 4.5 da 5.5. Wasu likitocin Jamus biyu, Heinrich Schade da Alfred Marchionini, su ne suka laƙaba wa wannan garkuwa sunan mayafin tsami a shekarar 1928. Ana haihuwar jariri fatarsa na kusa da 7, sai ta yi ta ƙara tsami cikin makonnin farko. Wannan ɗan tsami yana hana miyagun ƙwayoyin cuta yaɗuwa, yana kuma taimaka wa fata wajen haɗa maiƙon da ke liƙe tubalanta.

Zargin da Aka Yi wa Amoniya

Duk wanda ya taɓa kwance nafkin da ya kwana a jikin yaro ya san wani wari mai hawa kai, mai sa ido hawaye. Warin amoniya ke nan. A shekarar 1915 wani likitan yara a Amurka, John Zahorsky, ya danganta wannan wari da ƙurajen nafkin. A 1921 kuma wani likitan mai suna Cooke ya ware wata ƙwayar bakteriya daga bahayar jarirai, ya nuna cewa tana iya juya yuriyar da ke cikin fitsari ta koma amoniya. Daga nan aka yanke hukunci cewa amoniya ce ke ƙona fata, aka yi ta koyar da haka a makarantun likitanci fiye da shekara 50.

A shekarar 1977 James Leyden da abokan aikinsa a Jami'ar Pennsylvania suka sake duba maganar. Suka auna amoniya a nafkin yara masu ƙuraje da na yara masu lafiyayyar fata, ba su ga wani bambancin a zo a gani ba. Suka kuma ɗora fitsari mai amoniya a kan lafiyayyar fata suka rufe na tsawon yini da kwana, fatar ba ta yi ja ba. Sai a inda aka riga aka kankare fatar ne amoniya ta yi tasiri. Wannan ya nuna cewa akwai wani abin da ke fara fasa katangar kafin amoniya ta sami hanyar shiga.

Inda Fitsari Ya Gamu da Bahaya

Amsar ta fito a 1986, lokacin da Ronald Berg da Kent Buckingham da abokin aikinsu suka buga sakamakon gwaje-gwajen da suka yi a kan wasu ɓeraye marasa gashi. Domin a fahimci abin da suka gano, sai an san abin da ake kira enzayim. Enzayim wani furotin ne da ke hanzarta aikin sinadarai ba tare da shi kansa ya ƙare ba. Da irinsa ne hanji ke narkar da abinci: wasu suna farfasa furotin irin na nama da wake, wasu suna farfasa maiƙo. Ba dukkansu ke ƙarewa a cikin hanji ba, akwai saura da ke fitowa tare da bahaya. To, ɓawon fata da furotin aka yi tubalansa, da maiƙo aka yi kwaɓinsa. Wato abin da aka tanada don narkar da abinci yana iya narkar da katangar fata in ya sami dama.

Abin da ke hana shi samun damar shi ne tsami, domin waɗannan enzayim ba su da kuzari a wuri mai tsami. A nan ne fitsari ke shigowa. Hanta tana sarrafa ragowar furotin ta mai da shi yuriya, ƙoda kuma ta fitar da ita cikin fitsari. Ita yuriya ba ta cutar da fata. Amma bakteriyar da ke cikin bahaya suna da wani enzayim mai suna yuriyes, wanda ke raba yuriya ta koma amoniya da iskar kabondayoksaid. Amoniya kuwa tana da ɗabi'ar kanwa. Da ta taru sai ma'aunin pH na cikin nafkin ya hau zuwa 7 ko fiye, mayafin tsami ya yaye, enzayim masu narkar da furotin da maiƙo su farka su faɗa wa fata. Gishirin maɗaciya da ke cikin bahaya yana ƙara musu ƙarfi. Ashe aikin amoniya a nan buɗe ƙofa ne, masu ɓarnar wasu ne daban.

Wannan bayani ya warware abubuwa da dama da iyaye suka daɗe da lura da su. Yaron da ke gudawa ya fi saurin samun ƙuraje, saboda abinci yana ratsa hanjinsa da gaggawa, enzayim da yawa su fito da ƙarfinsu. Jaririn da ke shan nonon uwa zalla bai cika samun su ba, domin nonon uwa yana renon wasu bakteriya masu amfani da ke sa bahaya ta yi tsami, kuma yuriyes ɗin da ke cikinta kaɗan ne. Wannan ƙarin dalili ne a kan shawarar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayar tun 2001, cewa a shayar da jariri nono zalla har wata 6. Batun haƙori kuwa, lokaci ne ya zo ɗaya. Daga wata 6 ne haƙora ke fara fitowa, a lokacin ne kuma ake fara ba yaro kunu da sauran abinci, bahayarsa ta canza. A lokacin ne yake rarrafe yana kai duk abin da ya tsinta baki, gudawa ta yawaita, a lokacin ne kuma yake zama yana murza mazaunansa a kan nafkin.

Danshi da Gogayya

Ruwa shi kaɗai ma yana raunana fata in ta daɗe a cikinsa, kamar yadda yatsun mai wanki kan yi fari su yamutse. Ɓawon fata yana tsotsar ruwa ya kumbura, kwaɓin da ke tsakanin tubala ya saki. Jiƙaƙƙiyar fata ta fi busasshiya kama tufa, saboda haka duk motsin da yaro ya yi nafkin yana gurzar ta. Sinadarai kuma sun fi saurin ratsa ta. Sabon jariri yana iya yin fitsari sau 20 a yini da kwana, ga kuma zufa da ba ta da wurin fita saboda an rufe wurin. A ƙasashe masu zafi, musamman da bazara, cikin nafkin kan zama kamar tukunyar da aka rufe a kan murhu.

Saboda gogayya ce ƙurajen suke fitowa a wuraren da suka taso, waɗanda nafkin ke taɓawa: mazaunai, da al'aura, da ƙasan ciki, da saman cinyoyi. Can cikin matsematsi, inda fata ta ninku ta ɓuya, yawanci lafiya lau ake samunsa. A wasu yaran kuma sai a ga jan layi a daidai ƙugu ko zagayen cinya, inda bakin nafkin ya matse. Wannan alama ce ta cewa nafkin ya yi kaɗan, ko an ɗaure shi da ƙarfi.

Baƙon da Ya Sami Ƙofa a Buɗe

A cikin hanji da bakin mutane da yawa akwai wata halitta dangin yis ɗin da ake kwaɓa burodi da shi, sunanta a kimiyyance Candida albicans. Muddin fata na da lafiya ba ta yin komai. Amma in katanga ta fashe, ga ɗumi ga danshi, sai ta kafa sansani. Likitoci sun lura cewa ƙurajen nafkin da suka wuce kwana 3 ba su lafa ba, galibi wannan halitta ta shiga cikinsu. Alamominta a bayyane suke. Jan yana da ƙarfi da sheƙi, yana shiga har cikin matsematsi, a gefensa kuma akwai ƙananan ɗigo-ɗigon ƙuraje da suka ware daga babban facin. Sau da yawa in aka duba bakin yaron za a ga fari-fari manne a harshe da cikin kumatu, wanda ba ya fita in an goge.

Yaron da ya sha maganin kashe bakteriya ya fi fuskantar wannan, saboda maganin yana kashe har da bakteriya masu amfani da ke taka wa Candida birki. Shi ya sa ba jariri irin waɗannan magunguna ba tare da umarnin likita ba yakan haifar da wata sabuwar cuta. Maganin Candida daban yake. Ana shafa man nistatin, wanda wasu mata biyu masu bincike a jihar New York, Elizabeth Hazen da Rachel Brown, suka gano a 1950, ko kuma man kulotirimazol ko mikonazol, gwargwadon abin da ma'aikacin lafiya ya rubuta.

Na Tsumma ko na Zamani?

A da, a ƙasar Hausa da sauran sassan Afirka ta Yamma, jariri ya fi yin yininsa ba komai a ƙugunsa sai ɗan tsumman da aka shimfiɗa masa. Uwa tana lura da alamunsa, ta ɗora shi a kan ƙafafunta ya yi bahaya, a wanke shi nan take. A irin wannan reno fitsari da bahaya ba su samun lokacin zama tare a kan fata. Rayuwar birni da aikin ofis da tafiye-tafiye su ne suka sa rufaffen nafkin ya zama dole ga iyalai da yawa.

A 1946 wata Ba'amurkiya mai suna Marion Donovan ta ɗinka wani wandon da ruwa ba ya ratsawa domin a riƙa sa shi a kan nafkin. A 1961 kamfanin Procter & Gamble ya fito da Pampers a kasuwa. Babban canji ya zo ne a farkon shekarun 1980, lokacin da aka fara zuba wani gari mai suna sodiyam foli'akirilet a cikin nafkin. Wannan gari yana shanye tsantsar ruwa ninkin nauyinsa ɗaruruwa, fitsari kuwa kimanin ninki 30, ya riƙe shi ya zama kamar kamu. Ta haka yana janye fitsari daga fata, yana kuma raba shi da bahaya. Bincike ya nuna cewa ƙuraje masu tsanani sun ragu bayan shigowarsa.

Sai dai garin yana da iyaka, kuma ba ya shanye bahaya. Tsadar famfas takan sa a bar guda ɗaya a jikin yaro tun safe har dare, wanda hakan ke mai da shi mafi muni a kan tsumman da ake canzawa a kan kari. Nafkin tsumma yana aiki sosai in an kiyaye sharuɗɗansa. A wanke shi da sabulu, a ɗauraye shi sau biyu ko uku har santsin sabulun ya fita, domin ragowar sabulu yana rage tsamin fata. A shanya shi a kan igiya cikin rana, kada a shimfiɗa shi a ƙasa, saboda akwai wani ƙuda a yankunan Afirka masu zafi da ke yin ƙwai a ƙasa mai fitsari da kuma jiƙaƙƙun tufafi, tsutsarsa ta huda fata ta yi maruru. Guga tana kashe ƙwan. Wandon roba kuwa yana tare iska gaba ɗaya, gara a taƙaita shi ga lokacin fita unguwa.

Hanyoyin Rigakafi

Tun da ɓarnar na buƙatar lokaci, babban makami shi ne rage lokacin. A canza wa sabon jariri nafkin bayan kowace awa 2, wanda ya ɗan tasa kuma bayan awa 3 ko 4. In ya yi bahaya a canza nan take, ko da tsakar dare ne.

A wanke wurin da ruwan ɗumi da auduga ko tattausan ƙyalle. Ba kowane canji ke buƙatar sabulu ba, in kuwa za a sa, a nemi marar ƙarfi marar turare. Ga 'ya mace a riƙa sharewa daga gaba zuwa baya, don kada a kai ƙwayoyin bahaya mafitsara. Masu amfani da jiƙaƙƙun ƙyallayen goge jarirai na kanti su zaɓi waɗanda ba su da turare ko sinadarin alkohol. Bayan wanki a daddanna tawul a hankali har wurin ya bushe, kada a gurza.

Sai kuma iska. A bar yaro ya yi wasa a kan shimfiɗa ba nafkin na wasu mintoci a kowane canji, in ƙuraje sun fito kuma a tsawaita lokacin gwargwadon iko. Wannan magani ne da ba a saye da kuɗi, kuma yana cikin mafiya inganci. In za a mayar da nafkin a bar sararin da yatsu biyu za su shiga tsakaninsa da cikin yaron.

Daga nan a shafa man da zai shiga tsakanin fata da ƙazanta. Biyu ne suka fi shahara: basilin marar turare, wanda Robert Chesebrough ya yi wa rajista a Amurka a 1872, da kuma farin man nan mai ɗauke da sinadarin zink oksaid. Man kaɗe mai tsabta wanda ba a gauraya shi da komai ba shi ma yana tausasa fata, ruwa kuma ba ya kama shi. A shafa da kauri. A canji na gaba ba sai an kankare tsohon man duka ba, a cire wanda ya ɓaci kawai a ƙara sabo a kai. In yaro yana gudawa a fara shafa man tun kafin ƙuraje su fito, a kuma ba shi ruwan gishiri da sukari na ORS tare da ƙwayar zink, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka ba da shawara a 2004. Da wannan kulawa, ƙuraje marasa tsanani kan lafa cikin kwana 2 zuwa 3, domin fata tana gyara katangarta da kanta in an daina rushe ta.

Garin Neman Gira

Hatsari mafi girma a wannan larura yana cikin abin da ake shafawa da sunan magani. Fatar da ta saɓe, ta jiƙe, aka kuma rufe ta, tana tsotsar sinadarai ninkin ba ninkin a kan lafiyayyar fata. Jariri kuma faɗin fatarsa yana da yawa in aka gwada da nauyinsa, hantarsa da ƙodarsa ba su gama ƙwari ba. A 1972 a Faransa an yi kuskure a masana'anta, sinadarin kashe ƙwayoyin cuta mai suna hekzakulorofin ya shiga cikin wata hodar jarirai da yawan gaske. Ya ratsa ta fata ya taɓa ƙwaƙwalwa, yara 36 suka rasa rayukansu.

Abin da ya fi kusa da gidaje a yau shi ne mayukan shafawa masu ɗauke da sitiroyid mai ƙarfi, waɗanda ake sayarwa a kemis da kasuwa a matsayin maganin kowace irin cutar fata. A jikin kwalinsu za a ga sunaye irin su clobetasol ko betamethasone. Suna kwantar da ja cikin yini ɗaya, shi ya sa ake yabonsu. Amma suna sirantar da fata, suna ba Candida damar bazuwa, in an daɗe ana shafawa kuma suna shiga jini su danne aikin wasu ƙananan gaɓoɓi da ke saman ƙoda, fuskar yaro ta kumbura, girmansa ya tsaya. Ko mai sauƙin cikinsu, wato haidurokotison na kashi 1 cikin 100, likita ne ke rubuta shi, na 'yan kwanaki kawai.

Ita ma hoda ba a son ta. Ƙurarta tana shiga huhun jariri, in ta jiƙe kuma sai ta dunƙule a matsematsi ta ƙara gogayya. Haka nan man zafi, da ruwan kashe ƙwayoyin cuta da ake ɗigawa a ruwan wanka, da toka, da garin sassaƙe, duk suna ƙona fatar da ta riga ta ji ciwo. Sai kuma ƙwallayen kafur da ake jefawa cikin akwatin kayan jarirai. Sinadarin naftalin da ke cikinsu yana kama tufa ya ratsa fata. Ga jariran da aka haifa da ƙarancin enzayim ɗin G6PD, wanda abu ne da ya yawaita a Afirka ta Yamma, yana farfasa jajayen ƙwayoyin jini ya jawo shawara mai tsanani da kan iya taɓa ƙwaƙwalwa.

Lokacin Zuwa Asibiti

A garzaya da yaro wurin ma'aikacin lafiya idan ƙurajen sun wuce kwana 3 duk da kulawa, ko sun yi bororo ko mugunya ko gyambo, ko suna zub da jini, ko sun bazu zuwa ciki da baya da fuska. Haka nan in akwai zazzaɓi, ko yaron ya ƙi nono, ko kuwa bai kai wata guda da haihuwa ba. Wani lokaci abin da aka ɗauka ƙurajen nafkin ne yakan zama ƙazwa, ko ciwon da bakteriya suka haddasa, ko alamar ƙarancin zink a jiki, ko tamowa mai sa fata ta riƙa ɓarewa. Kowannensu da nasa maganin.

Gwaji a Ɗakin Karatu

Malami zai iya nuna wa ɗalibai wannan aikin sinadarai da kayan da ake samu a kowace kasuwa. Takin zamani na yuriya shi ne dai sinadarin da ke cikin fitsari, wanda Friedrich Wöhler ya fara haɗawa a ɗakin gwaji a Jamus a 1828. Ɗanyen waken soya yana ɗauke da yuriyes mai yawa. Daga wani nau'in wake ne ma James Sumner ya tace yuriyes a 1926, ya tabbatar da cewa enzayim furotin ne, aikin da ya samo masa kyautar Nobel a 1946. Ruwan zoɓo kuwa ma'aunin tsami ne: yana ja a cikin asid, in ya gamu da kanwa sai ya yi duhu mai ratsin kore.

A daka cokali guda na ɗanyen waken soya, a jiƙa a rabin kofin ruwa na rabin awa, a tace. A narkar da ƙaramin cokali na takin yuriya a wani rabin kofin. A jera kwalabe huɗu. Ta farko a zuba ruwan yuriya kaɗai, ta biyu ruwan waken kaɗai, ta uku a haɗa su biyun, ta huɗu a haɗa yuriya da ruwan waken da aka tafasa ya huce. A ɗiga wa kowace ɗigo kaɗan na ruwan zoɓo marar sukari, a ajiye a wuri mai ɗumi. Kada kowa ya ɗanɗana. Ɗalibai su riƙa duba launi suna rubutawa bayan kowane minti 10. Kwalba ta uku ce kaɗai za ta sauya launi, ta kuma fara warin amoniya, domin a cikinta ne kawai yuriya ta gamu da enzayim mai rai. Ta huɗu ba za ta sauya ba, saboda tafasa ya lalata enzayim ɗin.

Abin da ya faru a kwalba ta uku shi ne ke faruwa a cikin nafkin da aka bari da fitsari da bahaya. Jadawalin da ɗalibai suka cika zai nuna musu cewa a mintocin farko ba a ganin canji, sai da tafiyar lokaci launin ke juyawa. Waɗannan mintocin farko su ne damar da mai reno ke da ita: in aka kwance nafkin aka wanke fata a cikinsu, enzayim ɗin bahaya ba su kai ga farkawa ba, katangar fatar jariri kuma tana nan yadda take.